Ƙyanƙyasar ƙwan mesa a Kano: zafin bazara ne abokin gaba

Aikinmu haɗa injin ƙyanƙyasa ne da gyaransa. Mafi yawan masu zuwa shagonmu masu kaji da zabi ne, sai ɗaiɗaikun masu kiwon dabbobi masu jan ciki da ɗalibai masu bincike da ke kawo maganar ƙwan mesa. Abin da muke fara gaya musu shi ne su manta da lissafin kaza. Ƙwan kaza digiri 37.5 yake so, kwana 21, ana jujjuya shi kullum. In ka yi wa ƙwan mesa haka, ka kashe shi ta hanya biyu: zafin ya yi masa yawa, juyawar kuma tana lalata ɗan da ke ciki.

Mesa iri biyu ce a yankinmu. Akwai babbar da kowa ya sani, wadda gardawa kan rataya a wuya, tana yin ƙwai 20 zuwa 50, wani lokaci fiye da haka, kuma ƙyanƙyasarta kan kai tsakanin wata biyu da rabi zuwa uku. Akwai kuma ƙaramar da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Ita ƙwanta kaɗan ne, yawanci 4 zuwa 10, kowanne gram 70 zuwa 100. Lissafin da ke ƙasa nata ne. Duka biyun suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, kuma Najeriya tana da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, saboda haka wanda ba shi da takardar izini ba ma karɓar aikinsa, ƙwan da aka kwaso daga ramin daji kuwa ba ma ko kallonsa.

Ƙwan mesa ba shi da ɓawo mai tauri. Laushi gare shi kamar jemammiyar fata, yana shan ruwa daga abin da ke kewaye da shi, yana kuma rasa shi in wurin ya bushe. Sa'o'i kaɗan bayan an saka shi, ɗan tayin yake zama ta sama, gwaiduwa tana ƙasa. Shi ya sa kafin a ɗaga ƙwai ake yi masa alama da fensir a samansa, a ajiye shi yadda aka same shi har ranar ƙarshe. Fensir dai, kada a sa alƙalami mai tawada. In sun manne da juna a bar su a dunƙule, ɓanɓarewa da ƙarfi yana yaga fatar. A daren farko a haska kowanne da tocila a cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyin jini ja sun bazu a cikinsa, baragurbi kuwa ƙarami ne, rawaya, mai tauri, ba jijiya ko ɗaya.

Yanzu maganar zafi, wadda ita ce sana'ar gaba ɗaya. Muna saita inji tsakanin digiri 31 da 31.5, ƙwai ya fara fashewa tsakanin kwana 55 da 60. A digiri 32 yakan sauko zuwa wajen kwana 53 ko 55. A digiri 30 sai ya kai 60 zuwa 65, in aka sauka 29 ana iya haura hakan da kwanaki. Dalilin a fili yake: mesa ba ta da ɗumin jikin kanta irin na kaza, girman ɗan da ke ciki yana bin zafin wurin ne, in ya ƙaru ya yi sauri, in ya ragu ya yi nawa. Sai mai gaggawa ya ce to a ƙara wuta mana a huta da wuri. Nan asarar take. Daga 33 zuwa sama, in ya daɗe, abin da ake samu shi ne 'ya'ya masu karkataccen ƙashin baya, ko ƙanana marasa ƙarfi da suka fito ba su gama shanye gwaiduwa ba, ko su mutu a cikin ƙwai ana saura kwanaki. Ribar kwana uku ko huɗu ba ta kai wannan ba. Ƙaramin kuskure ta ɓangaren sanyi jinkiri yake jawowa, na ɓangaren zafi ba ya gyaruwa. Wani abin da ake yawan tambaya: zafi ba ya sa a samu maza ko mata a mesa, wannan a kada da kunkuru yake faruwa.

Yawancin bayanan da ake gani a intanet daga ƙasashen sanyi suke, damuwarsu yadda za a ɗumama akwati. Mu a Kano akasin haka ne. Ƙaramar mesa a Afirka ta Yamma tana saka ƙwai ne daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ke nan kwancin yana faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da rana ke kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya zama tanderu da azahar. Na'urar kashe-kunna mai daidaita zafi irin STC-1000 da ake samu wurin masu kayan wuta a Sabon Gari tana iya kashe wayar ɗumi, amma in ba a haɗa mata abin sanyaya ba, ba ta da abin da za ta yi in ɗakin kansa ya fi 32. Don haka kafin mu taɓa waya sai mun tambayi inda za a ajiye injin. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, ko ɗakin ƙasan bene da rana ba ta dukan bangonsa, shi ne zaɓi na farko. Injin ya zauna a ƙasa, nesa da taga.

Jikin injin kuwa tsohon firji ne da ya daina aiki, ko babbar kula, saboda bangonsu yana hana zafin waje shiga da sauri. A ƙasa muna jera robobin ruwa cike, lita 10 zuwa 20 gwargwadon girman firjin. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, shi ke riƙe akwatin in an ɗauke wuta, shi ke rage hawan zafin rana. Ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana juya iska don kada sama ta fi ƙasa zafi, kuma ita da na'urar ba sa cin wuta, ƙaramin batir da sola sun ishe su. Ranar da ma'auni ya doshi 32.5, ana canza biyu daga robobin da na ruwan randa mai sanyi. Ƙanƙara kada ta kusanci ƙwai, saukar zafi farat ɗaya tana sa raɓa ta taru a murfi ta ɗiga a kansu. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu, tana aiki sosai a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, sai dai dole a sa ma'auni a ciki, don takan yi sanyi fiye da yadda ake so.

Ma'aunin zafi biyu ake sawa, kuma bakin ɗayan ya kasance cikin robar mai murfi da aka sa ƙwan a ciki, dab da su. Na jikin na'ura kaɗai ba abin dogaro ba ne, masu araha kan yi kuskuren digiri guda, digiri guda kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin lafiya da asara. A sati biyun ƙarshe 'ya'yan da kansu suna fitar da ɗumi, robar takan fi sauran injin zafi da kusan digiri ɗaya, saboda haka a nan muke rage saitin da rabin digiri.

Danshi ana so ya kai kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma ƙwan kansa kada ya jiƙe. Wanda ya samu bamikulait, wani ma'adini marar nauyi mai riƙe ruwa, ya haɗa shi da ruwa daidai wa daida a sikeli, gram 500 da gram 500, in ya matse a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Da yake ba ko'ina ake samunsa ba, mun fi amfani da ragar roba: ruwa ko jiƙaƙƙen soso a ƙasan robar, raga a sama, ƙwai a kan raga. Dusar katako da buntun shinkafa fumfuna suke kawowa. Ana buɗe murfi sau ɗaya a mako don iska ta shiga, a ƙarshe kuma duk kwana biyu, a goge raɓar murfin. Ƙwai ya loɓa a makon farko ko na biyu, bushewa ce, a ƙara ruwa a gefen roba. Ya loɓa ana saura kwana goma zuwa sha huɗu, wannan daidai ne, ƙyanƙyasa ta kusa.

Ɗan mesa yana tsaga ƙwai da wani ɗan haƙori da ke kan hancinsa, ya leƙo da kai, sannan ya koma ya zauna kwana ɗaya ko biyu yana shanye ragowar gwaiduwa. Kada a jawo shi, cibiyarsa tana haɗe har yanzu. Wasu masu kiwo suna yanka ƙwai da almakashi tun kwana na 50, mu ba ma goyon bayan haka. In sauran duk sun tsaga, ɗaya ya rage bayan kwana biyu, to a yi masa 'yar tsaga a sama inda tocila ta nuna ba jijiya, a mayar da shi. Waɗanda suka fito a wanke su da ruwa mai ɗumi, a sa su cikin roba mai jiƙaƙƙiyar takarda da ɗan kwanon ruwa. Ba a ba su abinci sai sun yi saɓar farko, wajen kwana 7 zuwa 14, daga nan a gwada su da ɗan ɓera ƙarami da daddare, wanda ya ƙi a bar shi kwana biyar a sake gwadawa.