Asuba a bakin Sanaga, ta tagar jirgin Ngaundare

Da ƙanwata ta haihu a Yawunde cikin watan Nuwamban bara, ni aka ɗora wa raka Kawu wurin suna, saboda ƙafa ta fara ba shi wahala, ba a son ya yi doguwar tafiya shi kaɗai. Na kawo maganar motar safa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, daga Garwa zuwa Ngaundare ba yadda na iya, mota ce. Amma daga can in ba jirgin ƙasa ba, ku gaishe min da mai jego." Ban ja da shi ba. Tun kafin a haife ni Kawu yake rakiyar shanun wani attajiri zuwa kudu cikin tarago, hanyar nan kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ni ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai ran nan.

Mun bar Garwa bayan sallar asuba, muka haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Tafiyar kusan kilomita 280 ce, kuma sai mota ta fara hawan dutsen nan na kafin Ngaundare mutum yake jin ya rabu da zafin gida. Iska ta sauya, kowa ya shiga neman mayafi. Tashar jirgin kuwa kasuwa ce mai zaman kanta. Ga Fillanci, ga Hausa, ga Larabcin mutanen Chadi, ga Faransanci, duk a lokaci guda. Mutumin Marwa, mutumin Kusiri da wanda ya taso tun daga Injamena, kowa nan yake sauke kayansa, domin a nan layin dogo ya tuƙe. Daga Yawunde ya iso Belabo a 1969, ya ƙaraso Ngaundare a 1974, kuma tun daga lokacin bai ƙara ko taku ɗaya zuwa arewa ba. Muka sayi kilishi na tsaraba, muka haɗa magariba da isha a harabar tasha, sannan muka bi layi.

Ɗaki mai gado huɗu na kama mana, wanda ake kira kushet, biyu sama biyu ƙasa. Abokan tafiyarmu wani Alhaji ne ɗan Chadi da zai wuce Duwala karɓar kayansa a tashar jiragen ruwa, sai wani ɗalibi mai komawa makaranta wanda ya haye gadon sama ya toshe kunne, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba sai da safe. Bakwai ta wuce kaɗan jirgi ya yi kuka, ya ja jiki. Kilomita 622 ke gabanmu. Faɗin dogon mita ɗaya ne kacal, shi ya sa tarago ke rausaya, yana jijjiga mutum kamar goyo, shayin da ke hannunka sai ka riƙe shi da kula.

Dare ya hana mu ganin komai sai tashoshi. A Ngaundal jirgi bai gama tsayawa ba mata da yara suka yanyame tagogi da fitilu a hannu, kowa na ɗaga gorar zuma sama yana kiran mai saye. Kawu ya karɓi gora ɗaya, ya kifa ta, ya tsaya kallon yadda kumfar iska ke hawa. Ya mayar, ya karɓi wata, wannan kumfarta ta hau a hankali kamar mai jin nauyi, ya ce ita ce. Ciniki duk ta taga, kuɗi ya sauka, gora ta hau, jirgi ya motsa yarinyar na gudu tana miƙo canji.

Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsa da Alhajin. Kawu ya ba shi labarin taragon shanu, labarin da ni ɗansa ban taɓa ji ba. Ya ce aikin mai rakiya shi ne kada ya bar saniya ta kwanta, don in ta kwanta cikin matsin nan 'yan uwanta za su tattake ta. Sanda a hannu, tocila a baki, haka ake kwana a tsaye. "Ka san wa ya fara gaya min akwai kogi a hanyar nan, Alhaji? Shanu. Sun yini ba ruwa, tsakar dare sai ka ji duk taragon ya ɗauki kuka, suna miƙa hanci gefe ɗaya. Ni ba na ganin komai, su kuwa sun ji ƙamshinsa." Ya juyo wajena ya ce, "Ka kwanta yanzu. Zan tashe ka, kada ka ce min barci."

Na farka sau ɗaya a Belabo, na ga taragai jere da gumaguman itatuwa, kowanne kaurinsa ya kusa tsayin mutum. Gaba kaɗan muka daɗe a wata ƙaramar tasha muna jiran jirgin kaya ya wuce, tunda layin ɗaya ne, dole wani ya rakuɓe wa wani. Wannan jira shi ya yi mana rana, domin ya sa alfijir ya riske mu tun kafin Nanga-Eboko.

Kawu ya taɓa ƙafata. Muka yi alwala da ruwan buta, muka yi salla a zaune, sannan ya ja ni zuwa tagar lungun tarago, ɓangaren dama. Da farko ban ga komai ba sai duhun kurmi da hazo. Can itatuwa suka buɗe, sai ga ruwa shimfiɗe, faɗinsa har ƙetaren ba ya fita sosai, tururin safiya na tashi daga kansa kamar an buɗe tukunya. Kafin in cika ido kurmi ya rufe shi. Bayan 'yan mintoci ya sake fitowa, wannan karon da duwatsu a tsakiya, ruwa na karyewa a kansu fari fat. Haka kogin Sanaga ya dinga yi mana, ya ɓuya ya bayyana, wani lokaci kusa har kana ganin ganyen da yake tafe da shi, wani lokaci sai ƙyallinsa daga nesa. Na ga masunci shi kaɗai tsaye cikin kwalekwale yana jan taru. Na ga wasu samari da kwalekwalensu ya nutse har baki saboda yashin da suka ɗebo, yashin da ake gini da shi a Yawunde.

Ni ɗan bakin kogi ne. A Binuwai na koyi iyo, a gaɓarsa nake ganin dorina tun ina yaro, na ɗauka na san abin da ake kira kogi. Amma Binuwai kogi ne na fili. Da rani yakan janye ya bar rairayi, mutane su yi lambu, mata su shanya wanki, kana hango shi tun daga nesa. Sanaga kuwa itatuwa sun sauko har cikin ruwansa, babu gaɓar da za ka zauna, launinsa ya fi duhu, tafiyarsa ta fi nauyi. Na ce wa Kawu, "Wannan ruwan mutanen kudu akwai kwarjini."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya ce maka nasu ne su kaɗai? Jiya da muka kwana muna gudu, tare da shi muka taho."

Gaskiyarsa. Sanaga shi ne kogi mafi tsawo a cikin Kamaru, ya haura kilomita 900, amma ba a kurmi aka haife shi ba. Koguna biyu ne, Jerem da Lom, suka gangaro daga tudun Adamawa suka haɗu arewa da Belabo, daga nan sunan ya koma Sanaga. Kogin Vina da ke kudu da Ngaundare, wanda 'yan makaranta ke zuwa kallon gangarensa, cikin Jerem yake zubawa. A tudun nan dai Binuwai ya samo tushe, ya bi ta ƙofar gidanmu a Garwa, ya wuce Yola, ya tarar da Kwara a Lakwaja. Alhajin da ya fito da kofin shayinsa ya sa baki, ya ce to su ma ai da rabonsu, domin ruwan da ke zama kogin Lagon, ya sadu da kogin Shari a Injamena ya faɗa Tafkin Chadi, wani sashensa daga tsaunukan nan yake fitowa. Muka tsaya mu uku a taga ɗaya, kowa da kogin garinsa, ashe duk uwarsu ɗaya. Na karanta wannan a aji tun ina firamare, na rubuta a jarrabawa na ci, amma bai taɓa shiga zuciyata ba sai da na ga ruwan da idona.

Abin ya tsaya min a rai ta wani gefen kuma. Yawancin wutar lantarkin kudu daga kogin nan take. Ana tare ruwansa a Mbakau kusa da Tibati da kuma Lom Pangar, a riƙa sakinsa da rani don injinan Song Lulu da na Edeya su ci gaba da juyawa. Ga sabuwar madatsar Nachtigal mai megawat 420 kusa da Bachenga, wadda jirginmu ya bi ta yankinta da hantsi. Mu a arewa madatsar Lagdo muka dogara da ita tun 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa a tafkin, kowa a Garwa ya san yadda daren watan Afrilu yake ba fanka. Ana maganar jawo layin wuta daga kudu zuwa arewa a haɗe su. Ina fatan in ga ranar, don ruwan da ya sauka a kan tudunmu ya dawo mana ko da ta waya ce.

Bayan Nanga-Eboko kogin ya fara nisa da mu. A tasha aka kawo abarba, ayaba, fiya da sandar rogo naɗe cikin ganye, wadda suke kira bobolo. Kawu ya saya wa mai jego ayaba nono guda. Mbanjok gonakin rake ne iya ganinka, sai Obala, sai jar ƙasa da rufin kwano a kan tuddai, muka shiga Yawunde rana ta ɗaga. Mijin ƙanwata na jiranmu, ya kwashe mu sai unguwar Briketeri, inda Hausa ke tashi ta kowane lungu kamar ba mu bar gida ba.

Da za a tambaye ni, abu biyu zan roƙa. A ja dogon nan ya kai Garwa da Marwa har Injamena kamar yadda aka daɗe ana faɗa, don tsoho irin Kawu ya daina naɗe ƙafa cikin mota yini guda kafin ya ga jirgi. Sannan a samu jirgin rana ko da sau ɗaya a mako, domin dubban mutanenmu sun bi gefen kogin nan shekara da shekaru suna barci, ba su taɓa sa shi a ido ba.

Ranar komawa da yamma jirgi ya tashi, saboda haka cikin duhu muka bi Sanaga. Duk da haka da muka wuce Nanga-Eboko na fita lungun tarago, na tarar Kawu ya riga ni, ya sauke gilashin taga, iska mai danshi na kaɗa masa rawani. Ba a ganin komai sai wata fitila guda can ƙasa tana lilo, ta wani masunci. Ya ja numfashi mai tsawo ya ce, "Ka ji shi? Yana nan dama da mu." Ya gyara da kansa, "A'a, yau hagu. Gida muka nufa."