Godiya bayan ziyarar maƙabartar sojojin Afirka a Chasselay

Assalamu alaikum 'yan uwa. A madadin ɗalibai da ma'aikata 'yan Nijar mazauna Lyon ta ƙasar Faransa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a ziyarar da muka kai ƙauyen Chasselay ranar Lahadi. An je lafiya, an dawo lafiya, alhamdu lillahi.

Ƙauyen yana arewa da Lyon, a gindin duwatsun Monts d'Or, kewaye da lambunan 'ya'yan itace, kuma har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a tsakiyarsa. Amma abin da ya kai mu yana bayan gari ne. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwaso suka tare dakarun Jamus a nan, aka gwabza a gidan 'yan sista na Montluzin. A rana ta biyu, da harsashi ya ƙare wa waɗanda suka rage a Chasselay, su da Faransawan da ke tare da su suka miƙa wuya, sai Jamusawa suka ware baƙaƙe daga farare, suka kora su wani fili mai suna Vide-Sac, suka buɗe musu wuta da tankokin yaƙi. Ana ce musu 'yan Senegal, alhali daga ƙasashen yankinmu daban-daban aka tattaro su.

Babbar godiyarmu ga mutanen Chasselay take. Jamusawa sun hana a yi wa mamatan sutura, amma kakannin waɗannan mutane suka fito suka binne su. Daga baya Jean Marchiani, wani jami'in Faransa mai kula da harkokin tsofaffin sojoji, ya gina maƙabartar da ake kira Tata, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamban 1942, ana tsakiyar yaƙi. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ke kwance ciki. Katangar ja ce, mai tsinkaye a kusurwoyi kamar ginin ƙasa na Agadez, ƙofar kuma ta katako ce da aka sassaƙa. Mun bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya muna karanta sunaye, da yawa kuwa babu suna, an dai rubuta ba a san shi ba. Wurin tsaf yake, ko ciyawa ba ta yi tsawo ba.

Wata dattijuwa 'yar ƙauyen ta tsaya da mu cikin rana tana nuna mana hanyar da aka bi da su, ta ƙi ko zama. Allah Ya saka mata.

Muna godiya ga Malam da ya ja mana addu'a, ga iyayenmu mata da suka kwana suna haɗa dambu da soyayyen nama, da masu motocin da suka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Waɗanda suka makara har muka bar tasha ba su, ku yi haƙuri, ƙarfe takwas muka ce.

Allah Ya jiƙan waɗannan bayin Allah. Duk wanda kakansa ya yi sojan Faransa a wancan yaƙin, ya turo mana sunansa da garinsu, za mu duba a jerin sunayen kafin ziyarar Yunin baɗi in Allah Ya kai mu.