Kafin direba ya tayar da mota

Wanda bai taɓa aiki a shagon sayar da babura ba yana zaton sabon babur a tsaye yake zuwa, kan tayoyinsa yana ƙyalli. A kwali yake zuwa. Tayar gaba a cire, kan babur a cire, fitila da madubai da ƙananan notuna a ƙulle cikin leda, gangar jiki da inji kuma an ɗaure su cikin ƙarafa. Boxer daga Indiya yake tasowa, Haojue da Jincheng daga Sin, kayan su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Daga can tirela ta kwaso su, ta biyo ta Ibadan da Ilorin, ta tsallake kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Mokwa, ta doshi Kaduna da Kano, tafiyar wajen kilomita 1,000. Duk wanda ya san ramukan hanyar nan ba zai yi mamaki ba idan kwali ɗaya cikin lodi ya iso a lotse.

Aikina a shagon maigidana shi ne karɓar kaya da tsare sito. Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne, maganar wa zai ɗauki asara ana yanke ta ne a ɗan lokacin da tirela take tsaye a ƙofar shago. Direba ya kwana biyu ko uku a hanya, ga gajiya, ga wani saukin kaya yana jiransa a gaba. Sai ya miƙo takardar kaya ya ce, "Malam, sa hannu mana, ina da sauke a Katsina." Ni kuma in ce, "Direba, yi haƙuri, a sauke in gani tukuna." Ba na jin daɗin tsare bawan Allah da ya sha hanya, amma da zarar hannuna ya hau takardar nan ba tare da na rubuta komai ba, na shaida ke nan cewa kaya sun iso lafiya. Gobe in na kira kamfani na ce tanki ya lotse, amsarsu a shirye take: a sitonku ya lotse.

Don haka kowane kwali ana juya shi a gabana, ta kowane ɓangare. Kusurwar da igiya ta danne har ta nutse, wurin da aka sake liƙewa da wani salatif daban, alamar jiƙa a gindin kwali in damina ce, duk ina sa a ware su gefe a buɗe su nan take, direba da yaran mota suna kallo. Ina ɗaukar hoton kwalin kafin a buɗe, da hoton wurin da ya lalace, da lambar jikin babur da ta inji, sannan in rubuta a takardar kayan abin da muka gani, direba ma ya sa hannu a ƙasa. Kafin tirela ta bar layinmu hotunan sun isa wayar wanda ya yi mana lodi.

Ɓarnar da ido yake gani ita ce mai sauƙi. Fitila ta fashe, a sauya. Salansa ya kwarzane, tanki ya lotse, madubi ya karye, duk kaya ne da ake kwancewa a ɗaura wani. Wadda take hana ni barci ita ce wadda ba ta bayyana sai an haɗa babur: gangar jiki ta ɗan murɗe saboda kwali ya faɗo daga saman lodi, ko ƙafafun gaba sun ɗan karkace. Fenti lafiya lau, babur yana tashi da bugu ɗaya, amma ba ya tafiya daidai. Tsohon makanikin da yake haɗa mana babura shi ya nuna mini yadda ake kama wannan. Yakan miƙe kan babur, ya koma baya ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya ya duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi guda. In ya yi shakka sai ya ɗauko zare, ya ja shi daga gefen tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama, ya gwada tazarar. Daga nan ya hau, ya ɗan zaga, ya sassauta hannu ya ji ko babur yana jansa gefe guda. Ranar da ya fara nuna mini, babur ɗin da na rantse lafiyarsa ƙalau, sai ga zaren ya taɓa tayar gaba ta hagu, ta dama kuwa yatsa biyu na shiga. Ya ce, "Ɗana, wannan ko kyauta aka ba ka, taya zai riƙa ci, wata rana kuma a kwana zai kayar da kai."

A nan ne jarrabawar take, domin akwai hanya mai arha. Mai walda zai iya gasa ƙarfen ya miƙar, mai fenti ya rufe, babur ya shiga sahu, ba mai ganewa. Na ga shagunan da suke yin haka, kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa aka miƙar ba ya komawa yadda ya fito daga masana'anta. Sannan mu dubi wanda zai saya. Yawanci saurayi ne da ya sayar da amfanin gonarsa ko ragunansa, ko wanda wani ya saya masa yana kawo balas kullum. Duk ranar da babur ya kwana wurin makaniki, balas ɗin ranar daga aljihunsa zai fita. Maigidana yakan tuna mana hadisin nan na mai sayar da abinci wanda ruwan sama ya jiƙa masa kaya ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora shi a sama mutane su gani. A fiƙihu ma mai saye yana da damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Mu'amala da kamfani kuwa haƙuri take so. Ƙananan kaya sukan turo su a lodi na gaba in hotuna da takarda sun cika. Gangar jiki ce ake daɗewa a kai, kamfani ya tura wa mai mota, mai mota ya ce haka aka loda masa, kuɗin maigida kuma yana kwance a sito. Na koyi riƙe mutum ɗaya a can wanda zan riƙa kira, da ajiye kwalin da ledojinsa har a gama magana, domin sukan ce a sake turo hoton kwali bayan makonni.

Babur mai murɗaɗɗiyar gangar jiki ba ya fita daga sitonmu sai dai ya koma inda ya fito. Mai kwarzane ko ɗan lotsawa a tanki, in kamfani ya rage mana kuɗi maimakon sauyawa, muna ajiye shi daban da sauran. Mai saye ya zo, in kama hannunsa in ɗora a wurin, in gaya masa a hanya ya samu wannan, ga abin da aka rage. Wasu su ce a ba su marar tabo, wasu kuma ragin ya fi musu amfani. In ya amince, ina rubuta tabon da ragin a jikin rasit, mu duka mu sa hannu, ya tafi da kwafinsa.