Abin da buɗe gidan motsa jiki a Sakkwato ya ci mini

A watan Janairun 2023 na buɗe gidan motsa jiki a Mabera, cikin wani tsohon sito. Kafin nan na yi shekaru ina ɗaga ƙarfe a bayan gidanmu tare da abokai, da siminti da muka zuba a gwangwanayen fenti muka soka musu bututun ƙarfe. Ganin yadda samari ke taruwa wurinmu kowace yamma, da yadda mutane ke fitowa sassarfa wajen filin wasa na Giginya bayan asuba, ya sa na ɗauka kasuwa na nan tana jira.

Jarina naira miliyan bakwai ne: kuɗin fili da na sayar, da rancen da yayana ya ba ni. Da na je sanar da kawuna, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, wanga aiki ka yi mai lissafi kuwa? In wata uku suka wuce ba kowa, da mi za ka riƙe wurin?" Na ce masa, "Kawu, in sha Allahu mutane za su zo." Ban amsa tambayarsa ba, don a lokacin ban gane nauyinta ba.

Mai sito ya ce sai hayar shekara biyu a dunƙule, ga la'adar dillali. Nan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suka tafi. Gyara ya ci fiye da yadda na zata. Rufin kwano ne babu silin, kuma duk wanda ya san Sakkwato ya san me kwano yake yi wa mutum da rana. Sai da na sa silin, na fasa tagogi, na shimfiɗa roba a ƙasa don kada ƙarfe ya farfasa daɓe, na gina banɗaki biyu da wurin alwala. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ta ci wani abin kirki ba.

Babban kuskurena a wajen kaya na yi shi. Na tafi Legas na sayo na'urorin gudu guda uku na hannu, masu aiki da lantarki, saboda su ne suke ɗaukar ido a hoto. Su da kuɗin motar da ta kawo su sun cinye kusan rabin jarin. Benci da maratayar ƙarafa kuwa wani mai walda a nan gari ya ƙera mini su a kan kuɗi kaɗan, kuma har yau ko ƙusa ba su zubar ba. Ranar da na buɗe, abin da ya rage a hannuna bai kai dubu ɗari uku ba.

Watan farko wuri ya cika, samari sun yi rajista har ina tunanin ƙara ɗaki. Sai ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira ya tsananta a Fabrairu. Wanda bai samu na cefane ba, ina zai tuna da kuɗin motsa jiki? Ban farfaɗo ba azumi ya kama ranar 23 ga Maris, tsakiyar bazara, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40. Wurin ya zama kufai. Na yi kwanaki ina zaune ni kaɗai da yaron da ke taimaka mini, kafin na yi dabarar buɗewa bayan tarawihi zuwa sha biyun dare. Hakan ya dawo da mutane kaɗan, amma dare yana nufin janareta.

Sai ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Na'urar gudu ba ta tafiya da ƙaramin janareta, ga fankoki shida da dole su yi ta juyawa. Na zauna na lissafa, na ga mutum ɗaya in ya yi rabin awa a kanta kullum, man da ya ƙona ya fi abin da yake biya a wata. Ƙurar hunturu kuma ta shiga injin ɗaya daga cikin na'urorin gudun ta kashe shi. Kayan gyaransa daga waje ake kawowa, kuma zuwa farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500, ita da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati lokacin da na saye su.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Samarin da na gina wurin dominsu, yawancinsu wata ɗaya suke biya su ɓace, wasu kuma abokai ne da nake jin nauyin tambayarsu kuɗi. Waɗanda suka riƙe ni dattawa ne: ma'aikata da 'yan kasuwa masu shekara arba'in zuwa sittin, waɗanda likita ya ce su rage teɓa saboda ciwon suga ko hawan jini. Suna zuwa bayan asuba, lokacin da gari bai yi zafi ba, suna biya a kan lokaci, wasu wata uku gaba ɗaya. Keke marar lantarki da ƙananan ƙarafa sun ishe su.

Su ne kuma suka nuna mini haɗarin da ban taɓa sawa a lissafi ba. Wata safiya wani Alhaji ya sauko daga keke, jiri ya ɗebe shi ya zube. Ashe ya sha maganin suga bai karya ba. Allah ya sa akwai ma'aikacin jinya cikin masu motsa jiki a ranar, ya ba shi abu mai zaƙi, muka kai shi asibiti. Da ya rasu a hannuna, ban san me zan faɗa wa iyalinsa ba. Tun ranar na sayi na'urar awon jini, na koyi taimakon gaggawa, kuma duk sabon zuwa sai na tambaye shi ciwon da yake da shi da maganin da yake sha. Wanda ya ce yana da ciwon zuciya, sai ya zo da izinin likita.

Matar wannan Alhajin ce ta aiko tambaya ko akwai lokacin mata. Babu, don ban taɓa tunaninsa ba, kuma ina ganin wannan sakaci ne babba a gari irin namu, inda mace ba za ta fita titi tana gudu ba. Na nemo wata da ta karanci ilimin motsa jiki, na sa labule a tagogi, na ware ƙarfe tara zuwa sha biyu: ni da yarona mu fita, ita ta kulle ƙofa, kuma ba a ɗaukar hoto. Matan suna zuwa rukuni-rukuni, ƙawa ta jawo ƙawa, kuma ba su cika fashi ba.

Na sayar da na'urorin gudu biyu da asara, na sa sola da ke ɗaukar fankoki da fitilu. Yanzu duk shekara ina ware kuɗin albashi da na ruwa na watan azumi tun kafin ya zo. Rancen yayana saura kashi ɗaya cikin uku. Na'ura ta ukun tana lungu a lulluɓe da tamfol, kuma a wurin da sauran suke a da na jera kekuna huɗu.