Tankin babur ɗin Baba

Shekaranjiya na karɓo tanki da murafen gefe na tsohuwar Honda CG 125 ta marigayi Baba daga wajen mai fenti a Ƙofar Marusa. Ja wur, har fuskata nake gani a jiki.

Zan tafi ke nan mai fentin ya riƙo hannuna: "Ƙanena, a ido ne kawai ya bushe, cikinsa ɗanye ne. Kada ka rufe shi da leda, za ta manne ta bar shaida. Fetur kuwa ko ɗigo kada ya taɓa shi sai ya yi makonni."

To, ga hunturu. Ƙurar Katsina ba ta sallama kafin ta shiga ɗaki. Na shimfiɗa tsohon bargo a ƙuryar ɗakina, na jera kayan, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na yafa musu wani zanen Hajiya mai laushi. Har yanzu ba ta san ni na ɗauka ba.

Amma ɓarnar da hannuna na yi ta. Da safe na ga 'yar ƙura a kan tankin, na sa bakin rigata na share. Ashe da yashi a ciki. Wani siririn layi ya fito kusa da bakin zuba mai, ba ya ganuwa sai an karkata shi wajen haske. Ni kam daga bakin ƙofa nake hango shi.

Na gaya wa bakanike tankin ne ƙarshen ɗaurawa, bayan inji da wayoyi, kuma ranar sai ya cire zoben azurfar nan nasa. Dariya kawai ya yi.