Wuƙar Kawu da abin da na koya a shagon wuƙaƙe a Thiers

Ranar da zan bar Damagaram zuwa karatu Faransa kowa da saƙon da ya ba ni, mai turare mai agogo mai waya, amma Kawu shi abu ɗaya yace, wai in na samu 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa mai kyau in riƙo masa, don tasa ta cinye saura kamar tsinke. Kawu alaramma ne, aikinsa rubutu, kuma da hannunsa yake fiƙe alƙalumansa ba ya yarda almajiri ya fiƙe masa, da wuƙar yake yanka goro, da ita yake kankare abin da ya kama, kai wuƙar nan ko masallaci ya je tana aljihun gaba. Nace Allah gafarta Malam in sha Allah wadda ta fi kowacce zan kawo maka. Na faɗa ne kawai, ni a lokacin wuƙa wuƙa ce a wurina.

Watana na biyu a Clermont-Ferrand na shiga wata kasuwar ranar Lahadi naga wani ya baza wuƙaƙe a tebur, dogaye sirara masu sheƙi, kowacce da ɗan ƙudan zuma na ƙarfe a wuyanta, an rubuta Laguiole a jikin ruwan. To ni na sha jin sunan (Layol suke faɗi), ance ita ce sarauniyar wuƙaƙen Faransa. Yuro 15 yace, na lissafa kusan jika goma kenan na kuɗinmu, na biya har ina jin na yi wayo, na naɗe ta a safa na jefa akwati nace an gama da saƙon Kawu.

Da hutun bazara ya zo ina neman aikin da zan ɗan rage kuɗin haya sai wani abokin karatu ya haɗa ni da wani dattijo mai ƙaramin shago da wurin haɗa wuƙa a bayansa a garin Thiers, tafiyar kamar kilomita 40 daga inda nake. Ashe garin nan shine Maƙerar Faransa gaba ɗaya, mafi yawan wuƙaƙen da ake ƙerawa a ƙasar daga nan suke fitowa, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a kan sana'ar. Gari ne a jikin tsauni, kogin Durolle na gudu a ƙasansa cikin kwazazzabo, da ƙarfin ruwan nan ake juya manyan duwatsun washi a zamanin da. A gidan tarihin wuƙa na garin suna nuna yadda masu washin ke aiki, mutum ya kwanta rub da ciki a kan katako saman dutsen yana danna ƙarfe wuni guda, sanyin ruwa na ratsa shi, shi ya sa ake koya wa kare ya kwanta masa a kan ƙafafu don ɗumi. Na tsaya ina kallon hoton nan na tuna maƙeranmu da yaron da ke wuni a kan zuga-zugi, wahala dai ko'ina sunanta wahala.

Aikina shara, goge gilas, naɗe kaya a kwali, in baƙi sun yi yawa in tsaya bayan kanta. Sati na biyu don neman suna na kawo wuƙata na nuna wa maigida nace ga abin da na saya wa kawuna. Wallahi bai ko duba rubutun jiki ba. Ya buɗe ta, ya kama bakin ruwan da yatsu biyu ya girgiza hagu da dama, sai ga ta tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya rufe ya ɗaga ta saitin taga yace samari zo ka duba, na leƙa naga haske na wucewa tsakanin sifirin, wato ƙarfen bayan ƙota da ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, da ƙarafunan gefe. Ya nuna min ƙudan zuman nan, ashe manna shi akayi da walda, ga tabon ma a ƙasansa. Ƙahon ƙotar da nake ta yabo kuma roba ce. Ya miƙo min yace zata buɗe ambulan. Haka kawai. Ranar ko abincin rana ban ji daɗinsa ba.

A nan na fara gane cewa Laguiole sunan ƙauye ne a yankin Aveyron, ana danganta fara ƙera wuƙar da wajen 1829, kuma shekara da shekaru sunan bashi da mai shi, kowa na iya bugawa a ƙarfensa, shi ya sa na China da na Pakistan suka cika kasuwa da ƙudan zumansu. Su kansu maƙeran ƙauyen da na Thiers, waɗanda su ma sun daɗe suna ƙera ta, har kotu sun kai juna a kan wa ke da haƙƙin sunan. To in masu abu suna shari'a a kan suna kaga ni da na dogara da suna ai dole in sha.

Abin da maigida ya koya min a wata biyun nan kusan duk da yatsa ne da kunne. In kaya sun zo sai ya zube min guda talatin yace ware. Ka buɗe, ka ji ko tana tafiya sumul ko tana ƙoƙarin karya maka farce. Ka girgiza. Ka shafa bayan da babban yatsa in tana buɗe, sifirin ya kwanta daidai da gefuna kada wani ya fi wani tudu. Ka rufe ka duba ko ruwan ya zauna tsakiya ko ya karkata yana gogar gefe ɗaya. Ka shafa ƙusoshin ƙota, in sun kama maka fata to wanda ya haɗa sauri yake. Zanen da ake yi a bayan sifirin kuma in da magagari akayi da hannu zaka ga ba ya zama daidai cif, wani tsagin ya ɗan fi wani zurfi, na inji ne ke fitowa tamkar an buga hatimi. A mai kyau ƙudan nan da sifirin ƙarfe ɗaya ne aka ƙera tare, kuma abin dariya su masu sana'ar ma ƙuda suke ce masa, masu saye ne ke cewa zuma.

Laifin da na fi shan faɗa a kai shine rufe wuƙa da ƙarfi, ina son ƙarar nan ta ƙas. Ashe a irin tsohon ƙirar Laguiole in ka sake ta ta faɗa da kanta kaifin kan bugi sifirin daga ciki ya dakushe. Suna da karin magana a kai, wai sifirin da ba ya ƙara shi ke tsufa. Sai ka raka ta da hannu har ta kwanta.

Sai maganar ƙarfe, nan ne na fi taurin kai don ni a ganina wanda ba ya tsatsa ai shine kwaliti. Maigida yace ya danganta da hannun da zata shiga. Baƙin ƙarfe mai kabon yana tsatsa in ka bar shi da danshi, in ka yanka lemo ko albasa ya yi duhu, amma shafa kaɗan a dutse ya dawo kamar aska. Wanda ba ya tsatsa ya fi sauƙin riƙo ga mai mantuwa. Kuma duk sunan ƙarfen da aka rubuta, in ba a hore shi a wuta daidai ba aikin banza ne, ko ya yi laushi kaifin ya dinga lanƙwashewa ko ya yi tauri ya dinga ɓalgacewa, wannan kuwa ido ba ya gani sai an yi aiki da ita. Ya ɗauki tawa ya ja ta a kwali sau kaɗan, ta koma ko takarda bata yanka.

Abin da ya ban mamaki, mutumin da ke sayar da wuƙar yuro 200 da sama, a aljihunsa Opinel lamba 8 ce da ƙotarta ta yi baƙi don tsufa, wadda kuɗinta bai fi na jabun da na saya ba. Joseph Opinel ne ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, ƙota ce ta icce, ruwa siriri, sai zoben da ake murɗawa ya kulle ta wanda aka ƙara a 1955. Ba ado ba komai. Aibinta ɗaya in iccen ya sha danshi ya kumbura sai ta ƙi buɗuwa, sai ka buga gindin ƙotar a tebur bakin ya leƙo. Da damina a garinmu kam zata sha bugu.

Wata rana da yamma ba kowa a shago sai ya tambaye ni wai shi kawun naka me yake yi da wuƙa, tambayar da ni ban taɓa yi wa kaina ba tun daga Damagaram. Na kwatanta masa fiƙe alƙalami, yadda ake sassaƙe kan ya yi siriri sannan a tsaga shi kaɗan don ya riƙe tawada, da goro, da cewa yana da ɗan dutsen washinsa a gefen buzu. Yace to me zai yi da doguwar wuƙar cin nama a tebur? Ya jawo wata durowa ya fito da wata shimfiɗaɗɗiya kamar an take ta da mota, ƙotar ma ƙarfe ne aka ninke, Douk-Douk sunanta. A nan Thiers gidan Cognet ke yin ta tun 1929, an yi ta ne don tsibiran Melanesiya can tekun Pasifik amma kasuwarta ta buɗe a Arewacin Afirka. Na juya naga zanen wani dodo mai hula a jiki, nace yallaɓai wannan Kawu ko a hannu ba zai karɓa ba balle ya shiga da ita salla. Ya yi dariya ya fito da 'yar uwarta fara, El Baraka, ance dama don ƙasashen Musulmi aka yi ta, babu dodo, a maimakonsa zanen nan ne na azurfar Agadas da Abzinawa ke ƙerawa. Ban san sanda nace kai ba. Na zo har tsakiyar Faransa ga Agadas a durowar tsoho.

Sifirinta da ƙarfi, bata da makulli, sai an kula da yatsu wajen rufewa. Ya sa ni na ware guda cikin shida da kaina yana kallo, na girgiza na ɗaga saitin taga na ja ta a takarda, na zaɓa, bai ce komai ba ya cire kuɗin a albashina. Da zan taho gida na sa ta cikin babbar jaka don a jakar hannu ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Na sami Kawu a zaure bayan la'asar na durƙusa na gaishe shi na miƙa. Ya jujjuya ta, ya daɗe a kan zanen Agadas ɗin, ya gwada kaifin a farcen babban yatsa, sannan duk da haka ya tofa wa dutsensa ruwa ya ɗan ja ta sau uku huɗu, wai washin Nasara ba irin nasa ba ne. Ya zaro sabon kara ya fiƙe, ɓawon na sauka a buzu siri-siri, ya tsoma a tawada ya ja layi a gefen allo. Yace Allah ya yi maka albarka ɗan nan, nawa ka saya? Na faɗa masa a sefa, yace kai, da tsada, ya ninke ta a hankali ya jefa aljihun gaba.