Mai kiɗan situdiyo a Damagaram: aikin da kuma inda kuɗin yake

Duk waƙar da ta zagaye wayoyin Damagaram, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, sunan mawaƙi ake riƙewa. Wanda ya zauna gaban kwamfuta ya ɗora kiɗan, ya gyara amshin, ya hana mawaƙin sakin baitin da bai nuna ba, sai dai a ji an ambace shi sau ɗaya a farkon waƙa. Samari da yawa suna shiga wannan sana'a da tunanin cewa kayan aiki ne wahalarta, alhali su ne abu mafi sauƙi a cikinta.

Kwamfuta mai RAM giga 8, manhajar FL Studio ko Cubase, kart son (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) mai mashiga biyu, mikron situdiyo irin mai cin wutar 48V, abin saurare na kunne wanda ba ya zubar da sauti, da ƙaramin fiyano: da waɗannan an fara. Sai na'urar da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, kuma ita ya kamata a saya kafin manyan sifiku, don aikin yini guda na iya salwanta a ƙiftawar ido.

Ɗaki ya fi mikro muhimmanci. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana maido da murya, ta fito kamar daga cikin rijiya, kuma da wuya manhaja ta wanke wannan tas daga baya. Ɗakin laka mai kauri ya fi shi nesa ba kusa ba. In siminti ne kawai ke akwai, a jingina katifa a bayan mawaƙi, a rataya barguna masu nauyi a bango, a shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kurum. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, dole a kashe fanka yayin ɗaukar murya, don haka a ɗauka guntu-guntu, da sassafe ko da dare, a buɗe ƙofa tsakanin baiti da baiti. Da hunturu kuwa, a rufe mikro da fiyano da ƙyalle, ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar ƙaiƙayi. Gurnanin da ake ji ƙasa-ƙasa a cikin murya yawanci daga wutar gida yake, kuma dalilinsa rashin wayar wuta mai shiga ƙasa ne ko cajar kwamfuta marar kyau. A cire caja a saurara. In ya tafi, an gano ɓarawon.

Rubutun waƙa daga amshi yake farawa. Ɗango biyu ko huɗu, waɗanda yarinya mai talla za ta iya kamawa daga ji biyu. In amshi bai zauna ba, kada a taɓa baiti, kada ma a kunna kwamfuta. A rera shi da baki da tafi, a bar shi ya kwana. Sannan baitoci, kowanne da amsa-amo ɗaya da ya koma wa amshi, kuma kowanne da magana ɗaya tak. Makaɗan fada irin su Mu'azu Ɗan Alalo da wannan tsari na jagora da ƴan amshi suka riƙe jama'a, kuma bai tsufa ba don an kawo fiyano.

Inda marubuta suka fi faɗuwa shi ne wajen ɗora kalma a kan kari. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da saukar murya a cikin kalma. In aka ja gajeren wasali ya cika dogon bugu, ko kari ya hau a inda kalma ke sauka, mai sauraro zai ji wata kalmar daban ko ya ji maganar baƙo. Wannan yakan faru idan an sauko da kiɗan da aka yi wa wani harshe daga intanet aka cusa masa Hausa da ƙarfi. Maganinsa a faɗi ɗangon da maganar yau da kullum tukuna, a ji inda murya ke hawa da kanta, sannan a gina karin a kan wannan hanya. A ganina wannan kaɗai ya raba mai kiɗan da ake nema da wanda ake zuwa wurinsa don arha.

Kiɗan kansa kada a cika masa kaya. Ganga, bes, fiyano, abin busa ɗaya mai amsa wa murya, da tafi. Mai kalangu ko mai gurmi na gaske, in an same shi aka ɗauke shi minti goma, yana ba waƙa ran da sautin cikin kwamfuta ba ya bayarwa. Kafin a kulle kiɗa, mawaƙi ya gwada wurin da ya fi tsayi a amshi. In jijiyar wuyansa ta tashi, a sauke sautin kiɗan rabin mataki ko mataki guda a fiyano tun yanzu.

Wajen ɗauka, taƙi ɗaya na hannu tsakanin baki da mikro, da matacin iska a tsakani saboda "b" da "f". A saita 24 bit da 44.1 kHz, ƙarfin murya kada ya wuce -6 a ma'auni ko da ya ɗaga. Muryar da ta taɓa ja a ma'aunin ta fashe ke nan. In mawaƙi yana jin muryarsa tana makara a kunne, a rage bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) zuwa 128, a maida ita 512 ko 1024 wajen haɗawa. Amshi a ɗauke shi sau uku aƙalla, ɗaya a tsakiya, biyu dama da hagu.

Sai Auto-Tune, manhajar daidaita murya da kari, wanda kowa ke zagi kowa ke sawa. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar yake tafiya. In aka bar manhajar a buɗe da sautuka goma sha biyu, ko aka ba ta makulli, wato sautin da aka gina kari a kansa, wanda ba na kiɗan ba, za ta riƙa fizgar murya zuwa inda waƙar ba ta zuwa, shi ne rawar muryar nan mai ban haushi. A nemo makullin a fiyano, a kashe sautukan da karin bai taɓa ba, sannan a zaɓi saurin gyara.

A haɗa sauti da sanin cewa a lasifikar waya za a ji shi, ko a sifikar mai shayi. Bes mai zurfi ba ya fitowa a waya ko kaɗan, don haka a ƙara masa wani sauti a sama da shi. A maida komai hanya ɗaya, ba dama da hagu ba, a saurara, a tura wa ƙaramar waya a fita tsakar gida a ji. In kalmomi ba su fito ba, kiɗa ne ya yi yawa.

Kuɗin wannan sana'a ba daga masu sauraro yake zuwa ba, domin waƙa ta WhatsApp da Xender da katin memori take yawo kyauta. Yana zuwa ne daga waƙar biki da suna, waƙar ƴan siyasa, tallan ƴan kasuwa a gidajen rediyo, waƙoƙin faɗakarwa na ƙungiyoyi, da kuɗin zaman situdiyo. A karɓi rabi kafin a fara, sauran kafin waƙa ta fita daga ɗaki. Abin da za a tura don a ji, a sa masa murya mai ambaton situdiyo a tsakiya. Waƙar siyasa kuwa a karɓi kuɗinta duka, bayan zaɓe ba a samun kowa a waya. Mai aiki da mutanen Kano ko Daura ya faɗa tun farko ko da sefa ake magana ko da naira, kuma jika nawa.

Abin da ya fi cin masu kiɗa shi ne kunyar takarda. "Haba Malam, tsakaninmu?" ita ce maganar da ke raba abokai ranar da waƙa ta yi kasuwa. Shafi ɗaya ya isa: wa ya rubuta, wa ya yi kari, wa ya yi kiɗa, an sayar da kiɗan ne ɗungurungum ko haya aka bayar, sau nawa za a yi gyara kyauta, sa hannun mutum biyu da shaida. Wanda ya rubuta ko ya tsara kiɗa yana da haƙƙi a kansa, kuma BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, ita ke rajistar ayyuka. A ajiye kowane aiki da muryoyinsa a rarrabe, da kwanan wata a sunan fayil, a wuri biyu, ɗaya ba a cikin situdiyo ba. Su ne hujja in gardama ta tashi, kuma da su ake sake haɗa waƙa in mai biki ya dawo bayan shekara yana son a canza sunan amarya zuwa na ƙanwarta.